Kakana ya yi Yaƙin Bama: a ina zan samu takardunsa na soja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakana na wajen uba ya yi aikin soja a zamanin Turawa, kuma kowa a gidanmu ya san cewa ya je Yaƙin Bama, wato wanda aka yi a ƙasar Burma a lokacin yaƙin duniya na biyu. Ya rasu tun ina ƙarami. Abin da ya rage a hannunmu shi ne minda uku a cikin wani gwangwani, da hotonsa guda sanye da kaki. Na sha rubuta sunansa a intanet ban ga komai ba. Shin akwai inda ake ajiye takardun irin waɗannan sojoji, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan kakanka, Ya kai haske kabarinsa. Takardun suna nan, amma sun warwatse tsakanin Nijeriya da Ingila da maƙabartun yaƙi na Asiya, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu aka jera bisa sunan sojan Afirka. Wannan ne ya sa bincikenka na intanet bai haifar da komai ba, kuma da za ka shekara kana maimaita shi da sunan da kuka san shi da shi a gida, da wuya ya haifar. Abubuwa biyu ne suke buɗe wannan bincike, lambarsa ta soja da bataliyar da ya yi aiki a ciki, saboda haka duk abin da zan faɗa maka a nan hanya ce ta kaiwa ga waɗannan biyun, sannan da abin da za ka yi da su idan sun shiga hannunka.

Bari in fara da dalilin da ya sa suna ba ya wadatarwa. Rundunar da kakanka ya shiga ita ce Royal West African Frontier Force, wadda aka ɗora harsashinta a 1897 a ƙarƙashin Lugga, kuma ɓangarenta na ƙasarmu shi ne Nigeria Regiment. A ranar da kurtu ya tsaya gaban teburin ɗaukar soja, akawu ko hafsan Bature yakan tambaye shi sunansa da garinsu, sai ya haɗa biyun ya mayar da su sunansa na aiki. Mutumin da a gida ake kira Audu ɗan Malam Garba, daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, sai ya zama Awudu Gumel a takarda, ko ma Awudu Kano idan sunan lardi ya ambata. Wani kuma ƙabilarsa aka maƙala masa, ya zama wane Fulani, wane Zabarma ko wane Beriberi. Rubutun ma bai tsaya a kan ƙa'ida ɗaya ba: Muhammadu yana fitowa a matsayin Momadu ko Mama ko Mamman, Usman ya zama Osumanu, Yusufu ya zama Yesufu, Garba ya zama Garuba. Ƙari a kan haka, samari da yawa sun shiga soja ne a ɓoye, wasu sun gudo daga gida, wasu daga haraji ko daga wata shari'a, wasu sun tsallako daga ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin Faransa, kuma irin waɗannan sukan ba da sunan da ba nasu ba da garin da ba nasu ba. A bataliya ɗaya ana iya samun masu suna Musa Kano da yawa, kuma lamba ce kaɗai take raba su. A lokacin yaƙin duniya na biyu lambar sojan Nijeriya tana farawa da haruffan NA, ta Gwalkwas wato Gana ta yau da GC, ta Saliyo da SL.

Wurin da aka fi samun wannan lamba shi ne cikin gida. Kowane soja da aka sallama an ba shi takarda ko ɗan littafin sallama, kuma tsofaffin sojoji sun riƙe shi da daraja domin da shi ake neman aikin ɗan doka ko masinja ko gadi, da shi kuma ake karɓar kuɗin sallama. Ƙaramin abu ne da yake shiga aljihun riga. A cikinsa galibi akwai lamba, da suna kamar yadda soja suka rubuta shi, da muƙami, ko farabiti ne ko kofur ko saje, da ranar shiga da ranar fita, da ƙabila da gunduma, da kamannin jiki har da tsagar fuska, da shaidar hali, da wurin da ya dangwala yatsa. Kada ka tsaya ga ɗakin mahaifinka kawai. Irin wannan takarda takan bi babban ɗa, ko matar da ta yi masa takaba, ko 'yar da ta yi jinyarsa, kuma sau da yawa tana ƙasan adakar wata gwaggo, a naɗe cikin tsumma tare da takardun gona da rasit ɗin haraji. Ka tambayi tsofaffin matan gidan kafin maza, domin su ne masu ajiya. Ka kuma nemi duk wata takarda ta bayan yaƙi, kamar katin ƙungiyar 'yan mazan jiya, ko takardar fansho, ko wasiƙar neman aiki, saboda tsohon soja ba ya rubuta wa hukuma komai ba tare da ya sa lambarsa a sama ba. Akwai ma iyalan da suka haddace lambar ba su sani ba, domin tsohon yakan rera ta da Turancin bariki idan yana raha da jikoki.

Mindar da ke cikin gwangwanin za ta gaya maka inda ya je, amma kada ka sa ran ganin sunansa a jikinta. Lambobin yabo na gama-gari da Ingila ta raba bayan yaƙin duniya na biyu ba a buga musu suna ba. Ka ɗauki mai siffar tauraro ka duba: tsinaye shida gare ta, launinta na tagulla, bayanta a shafe yake, a tsakiyar gabanta kuma akwai harufan sarki da kambi, an kewaye su da zobe mai rubutu. Wannan rubutun za ka karanta. Idan ya ce The Burma Star, to an tabbatar maka da Bama, kuma ƙyallenta ja ne a tsakiya da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefuna. Idan akwai The Africa Star, mai ƙyalle launin rairayi da ja a tsakiya, to ya yi aiki a Gabashin Afirka ko Arewacinta tun kafin tsakiyar 1943. Zagayayyar nan fara mai kan Sarki Joji na shida, wadda a bayanta zaki ya taka dodo, ta kowa da kowa ce da ya yi aiki a yaƙin. Duk da haka ka juya kowace ɗaya ka duba bakinta a cikin haske, domin mindar jarumtaka da ta daɗewa a aiki ana buga musu lamba da muƙami da suna a kewaye, kuma idan Allah Ya sa ɗaya daga cikin ukun irin wannan ce, rabin aikinka ya ƙare. Kada ka goge su da toka ko yashi don su yi ƙyalli, domin gugar tana cinye ƙananan haruffa.

Hoton ma shaida ne. Ka sa a ɗauke shi da na'ura mai kyau a faɗaɗa kafaɗar rigar. Runduna biyu ce ta Afirka ta Yamma ta yi yaƙi a Bama, kuma kowace da tambarinta: Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, Runduna ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye a kan gammo. Idan jar dara ce a kansa da 'yar shara da ɗamara, wannan kayan fareti ne, kuma ya fi nuna cewa ya shiga soja tun kafin yaƙi ko ya ci gaba da aiki bayansa. Idan malafar daji ce mai faɗin baki, hoton na lokacin yaƙin ne.

Kafin ka je ko'ina, ka zauna da duk wanda ya ji labari daga bakinsa, ka naɗi maganarsu a waya, kowa shi kaɗai, don kada wani ya gyara wa wani. Kada ka tambaye su sunan bataliya, ba za su sani ba. Ka tambaye su abin da tsoho yakan maimaita: shin ya yi maganar Habasha da Somaliya, shin an ɗauke su a jirgin sama an sauke su a daji, shin bindiga ya riƙe ko kaya ya ɗauka ko mota ya tuƙa, shin ya ga Masar ko Ƙudus, su wa suka tafi tare da shi daga garin, kuma wa aka haifa yana can. Wannan tambaya ta ƙarshe tana ba da shekara fiye da kowace. Ka kuma yi lissafin shekarunsa, domin wanda ya shiga soja a 1942 an haife shi ne wajen 1915 zuwa 1925. Ina jan hankalinka ga wannan saboda a gidaje da yawa an mayar da kowane yaƙin waje Yaƙin Bama, alhali wani tsohon Kwango ya je tsakanin 1960 da 1964, wani kuma yana cikin rukunin leburorin soja da aka kai Gabas ta Tsakiya, bai taɓa taka Asiya mai nisa ba.

Ga yadda waɗannan labarai suke komawa lambar bataliya. Bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 ta Nigeria Regiment su ne aka kai Kenya a 1940, suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka wuce zuwa Harar a ƙasar Habasha, suka dawo gida, sannan aka sake kwashe su zuwa Bama a cikin Runduna ta 82. Don haka mutumin da yake da tauraron Afirka da na Bama gaba ɗaya, a cikin waɗannan ukun ko rukunonin da suka raka su ya kamata a fara nemansa. Bataliya ta 5 da ta 9 da ta 10 su ma suna cikin Runduna ta 82, wadda ta shiga fagen daga a yankin Arakan a ƙarshen 1944, ta bi ta kwarin Kalapanzin, ta haɗu da Runduna ta 81 wajen karɓe Myohaung a watan Janairu na 1945, sannan ta gangara kudu ta Dalet da Tamandu da Letmauk. Bataliya ta 4 tana cikin Runduna ta 81 tare da sojojin Gambiya da Saliyo da Gwalkwas, kuma su ne suka yi yaƙin kwarin Kaladan a 1944, inda babu hanyar mota sai wadda suka sare da hannunsu, abinci da harsashi kuma ta sama ake jefo musu. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 kuwa an cire su an haɗa su da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka kai bayan layin Japanawa a 1944, akasarinsu ta jirgin sama. Tsohon da ya ce jirgi ya ajiye su a tsakiyar daji suka tsare wani sansani da aka kewaye da waya, kusan ya gaya maka inda za ka duba. Waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a kunnenmu, domin su ne a kan barikokin Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, da Myohaung da Arakan da Tamandu a Legas. Barikin Bukavu na Kano ne ya fita daban, domin sunansa daga Kwango ya zo.

Kada ka manta cewa ba kowa ne yake cikin bataliyar 'yan bindiga ba. Dubban 'yan Arewa suna cikin rukunonin ɗaukar kaya, waɗanda sojoji ne cikakku masu lamba da kaki, kuma su ne suka sa rundunonin biyu suka iya ratsa duwatsun da mota da alfadari suka kasa. Akwai kuma 'yan igwa, da injiniyoyi, da 'yan sigina, da direbobi, da ma'aikatan asibitin fagen daga. Kowane rukuni daga cikinsu yana da nasa kundin.

Wannan kundi shi ne mafi daraja a cikin abin da za ka samu daga Ingila. Dokar soja ta wajabta wa kowace bataliya da ke fagen daga ta riƙa rubuta abin da ya faru kullum, kuma waɗannan rubuce-rubuce suna gidan adana takardun tarihi na Birtaniya da ke Kew, a yammacin Landan. Na Bama da Indiya suna cikin jerin da ake kira WO 172, na zaman da aka yi a Afirka ta Yamma suna WO 173, na yaƙin Habasha kuma a fara neman su a WO 169. An jera su bisa rukuni da shekara, kuma ana iya duba jadawalinsu kyauta a shafin gidan na intanet, sai dai shafukan kansu sai an je can an ɗauki hotonsu, ko a biya a kwafo, ko a roƙi wani ɗalibi namu da ke karatu a Landan ya ba da yini guda. Kowane shafi yana da gurbin wuri, da na rana, da na sa'a, da faffaɗan gurbi na bayani, wani an buga shi da tafireta, wani an rubuta da fensir a cikin ruwan sama. Abin da zai ɓata maka rai shi ne yadda ake ambaton hafsoshi Turawa da sunayensu, har wanda zazzaɓi ya kwantar, amma idan aka zo kan namu sai a rubuta adadi kawai da harufan AOR, wato ƙananan sojoji 'yan Afirka: an kashe kaza, an raunata kaza. Saboda haka ka gaya wa duk wanda zai ɗauko maka hoton kada ya tsaya a kan shafukan kullum, ya haɗa da rataye-ratayen da ke bayan kowane wata, domin a nan ne wani lokaci ake samun jerin waɗanda aka kashe ko aka raunata ko aka ƙara wa girma, da lambobinsu. Ko da sunan kakanka bai fito ko sau ɗaya ba, kundin zai ba ka ranar da jirginsu ya tashi, da sansanin da suka zauna a Indiya, da kogin da suka ƙetare, da daren da aka kai musu hari, da watan da suka dawo, wanda ga yawancinsu a cikin 1946 ne. A ganina wannan ya fi fayil ɗinsa na kansa ba da labari, domin fayil ɗin ranaku ne kawai da muƙamai.

Akwai jeri ɗaya a Kew da aka tsara bisa suna kuma ake iya sauke shi daga gida, wato WO 373, inda aka tara takardun da kwamandoji suka rubuta suna neman a ba wani lambar jarumtaka. A nan sojan Afirka yana fitowa da sunansa da lambarsa da bataliyarsa, tare da bayanin abin da ya yi a ranar. Mutane kaɗan ne suke ciki, amma dubawar ba ta cin komai. Ka gwada kowane irin rubutu na sunan, ka gwada da sunan gari, da na lardi, da na ƙabila.

Shi kuwa fayil ɗinsa na aiki, kada ka ɓata kuɗi kana nemansa a Ma'aikatar Tsaro ta Birtaniya. Fayilolin da ke can, waɗanda ake ta kwashewa zuwa Kew a 'yan shekarun nan, na Turawan da suka shugabanci rundunar ne da sauran sojojin Birtaniya. Na 'yan ƙasa an ajiye su ne a nan, kuma sojojin Nijeriya ne suka gaje su. Ofishin adana bayanan sojojin ƙasa yana Lakwaja, a barikin da aka sa wa sunan Chari Maigumeri, shahararren samanjan nan da ya fara aiki da Jamusawa a Kamaru kafin ya shiga Nigeria Regiment ya yi Habasha da Bama. Idan kakanka ya ci fansho, Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja wuri ne na biyu, amma ka sani cewa yawancin waɗanda suka shiga don yaƙin kawai kuɗin sallama aka ba su sau ɗaya, fansho kuwa na waɗanda suka daɗe a aiki ne ko suka nakasa. Takardun zamanin Turawa da suka tsira a gida ba su cika ba, gara da ɗanshi da sauye-sauyen ofis sun ci rabonsu, don haka ka rubuta, amma kada ka jingina dukkan fatanka a nan. Wasiƙar ta zama gajeriya, da Turanci, lambar tana sama, sai sunan aiki, da shekarun da kake zato, da dangantakarka da shi, da kwafin duk takardar da ka samu. Ainihin takardar kada ta bar hannunka ko da wa ya nema. Ya fi kyau ka bi ta ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion na jiharku, domin sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, kuma wasu rassan suna da tsofaffin rajistocin membobi da lambobinsu.

Wurin da mutane suka fi mantawa da shi shi ne gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. A can akwai fayilolin sakatariyar Jihar Arewa da na kowane lardi, irin su KANOPROF da SOKPROF da ZARPROF, kuma Razdan da Di'o sun yi ta rubuce-rubuce a kan ɗaukar soja, da adadin da aka ɗora wa kowace gunduma, da kuɗin da sojoji suke aiko wa iyalansu ta hannun hukuma, da sanar da mutuwa, da samar wa waɗanda suka dawo aiki bayan dokar da aka yi a kan haka a 1945. Mafi daɗin karantawa su ne koke-koken tsofaffin sojojin da kansu, wanda bai samu kuɗinsa ba, da wanda ya dawo ya tarar an aurar da matarsa ko an cinye gonarsa, domin a nan ne sunan gida da sunan soja da lamba da ƙauye suke haɗuwa a takarda ɗaya. Aikin yana buƙatar haƙuri, fayil bayan fayil, kuma sunan gundumar kamar yadda take a wancan zamani za ka riƙe, ba ƙaramar hukumar yau ba. Idan kana Kaduna ka leƙa Arewa House, ka kuma nemi tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, domin ta buga labaran yaƙin da wasiƙun sojoji da Hausa.

Tun da kakanka ya dawo da ransa, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila, wato Commonwealth War Graves Commission, ba za ta sami sunansa ba, amma shafinta yana da amfani gare ka ta wata fuskar. Idan dangi sun tuna wani abokin tafiyarsa da bai dawo ba, ka neme shi a nan, domin za a ba ka lambarsa da rukuninsa da ranar rasuwarsa, kuma waɗanda aka ɗauka rana ɗaya a gari ɗaya lambobinsu sukan kusanci juna. Namu suna kwance a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, da Chittagong da Maynamati a Bangaladash, waɗanda ba a ga gawarsu ba kuma sunayensu suna jikin ginin tunawa na Rangoon, wato Yangon, mai ɗauke da sunaye kusan 27,000. Ga mai neman kakan da ya yi yaƙin duniya na farko, a Kamaru daga 1914 zuwa 1916 ko a Gabashin Afirka bayan nan, lamarin ya juye: mindar wancan yaƙin tana ɗauke da suna da lamba, katunan rabonta ma suna WO 372, amma matattun ne aka yi wa rashin adalci, domin ita kanta hukumar ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba.

Idan bincike ya nuna cewa lambarsa da GC ta fara, kada ka yi mamaki, domin Hausawa da Zabarmawa da yawa da suka je cin rani ko fataucin goro a Kumasi da Akara a can suka shiga soja, kuma a Gana za a nemi takardunsu. Wanda kakansa kuwa sojan Faransa ne daga Damagaram ko Maraɗi ko Tawa ko Ƙonni, hanyarsa ta fi tamu sauƙi, domin Faransawa sun kwashe rajistocinsu zuwa gida. Cibiyar adana takardun ma'aikatan soja da ke garin Pau ita ake rubuta wa a nemi takardar da suke kira état signalétique et des services, wadda take jera duk inda sojan ya je da ranakunsa. Suna buƙatar lambar rajista, da shekarar ɗauka, da gundumar da aka ɗauke shi, kuma ukun duka suna cikin ɗan littafinsa na soja. Waɗanda suka mutu a yaƙi ana neman su a shafin Mémoire des hommes, takardun waɗanda Jamusawa suka kama a 1940 kuma suna garin Caen na Faransa.

Akwai maganar kuɗi, wadda ba ka tambaya ba amma wani a gidan zai tambaya. Samun takardun ba ya jawo wa jikoki diyya ko fansho daga Ingila. Tallafin da wata ƙungiyar agaji ta can take aikowa na tsofaffin sojojin ne da ke raye da matan da suka bari, kuma ta hannun ƙungiyar 'yan mazan jiya yake bi. Duk wanda ya zo da fom yana cewa a biya shi ya fito da haƙƙin kakanku daga Landan, ɗan damfara ne. Haka nan kada ku sayar da mindar ga masu yawo suna sayen tsofaffin kaya.

Yayin da kake tattarawa, ka buɗe littafi guda ka raba abin da takarda ta faɗa da abin da baki ya faɗa da abin da kai ka hasaso, ka rubuta lambar fayil da shafin kowane abu a gefensa. Haɗarin da ya fi kama masu irin wannan bincike shi ne su ga suna irin na kakansu a wani jeri su rungume shi, alhali mutumin wani ne daban daga wata gunduma. Kada ka karɓi kowane suna sai lamba ta yi daidai, ko kuma abubuwa biyu masu zaman kansu sun haɗu a kansa, kamar ƙauye da shekarar shiga. Idan takarda ta saɓa da labarin gida, ka ajiye duka biyun, domin akawun soja yana kuskure kamar yadda tsoho yake mantuwa. Ka fara da gwaggonninka a wannan makon tun suna da ƙarfin ba da labari, kuma idan ka karanta rubutun da ke kan taurarin ka gane tambarin da ke kafaɗar rigar, ka turo mini su, sai mu tsayar da bataliyar da shekarar da ya kamata a fara ɗauko maka daga WO 172.